Daga Zauren Zango: Shin Ƙarin Albashi Ne Ya Kori Yaranmu Daga Aiki?

Ran wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, mun zauna wurin mai shayi a nan Baguida, sai gardama ta ɓarke. Wani dattijo mai sayar da kayan gini ya ce tun da aka ƙara albashi mafi ƙanƙanta, wato SMIG, daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a ranar 1 ga Janairu 2023, ya san samari uku 'yan unguwarmu da aka sallama daga aiki. "Ƙarin nan ne ya kore su," in ji shi. Wani direban babbar mota ya ce, "Haba Baba, ai ƙanena bayan ƙarin aka ɗauke shi aiki a tashar jirgin ruwa." Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce.

To, dukansu biyu gaskiya suka faɗa game da abin da idonsu ya gani. Inda muka rabu da su shi ne wurin yanke hukunci. Don abu ya auku bayan an kafa doka, ba lalle ne dokar ce ta haddasa shi ba. Ku tuna halin da ake ciki a lokacin. Tun yaƙin Ukraine da ya fara a Fabrairun 2022 alkama da taki suke tsada. Ranar 29 ga Mayu 2023 kuma Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur a Nijeriya, man da ake saidawa a kwalabe bakin titi ya tashi daga Kwatano har Lome. Maigidan da ya sallami yaro a waccan shekara, wanne daga cikin waɗannan ne ya matsa masa? Shi kansa da ƙyar ya iya rarrabewa.

Masana tattalin arziki suna da dabarar warware irin wannan, kuma duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya ya san ta, ko da bai san sunanta ba. A ce, misali, ka sayi wani sabon abincin dabbobi. Ragonka yana da kilo 30, bayan wata uku ya kai 40. Mai saida abincin zai ce da kai kilo 10 ɗin nan duk aikin hajarsa ne. Sai ka leƙa gidan maƙwabci. Nasa ragon, da dusa da harawa kawai ake ba shi, ya tashi daga kilo 28 zuwa 35. Ashe ko ba sabon abinci, rago na ƙara kilo 7 a wata uku. Ka cire 7 daga 10, saura 3. Kilo ukun nan su ne rabon sabon abincin. Wato awo huɗu ake bukata: naka kafin da bayan, na maƙwabci kafin da bayan. Shi ya sa ake ce wa dabarar bambancin bambance-bambance.

Akwai sharaɗi kuwa, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Dole ragunan biyu su kasance da ma tafiyarsu ɗaya kafin a canza abincin. In ragon maƙwabci ya yi zawo a tsakani, ko kuwa tsoho ne da ya gama girma, lissafin ya rushe.

Da wannan dabara ce David Card da Alan Krueger suka yi bincikensu a Amurka. A Afrilun 1992 jihar New Jersey ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga dala 4.25 zuwa 5.05 a sa'a, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta taɓa nata ba. Suka tambayi gidajen saida abinci 410 a ɓangarorin biyu na iyaka yawan ma'aikatansu, kafin ƙarin da kuma bayansa. Ba su ga alamar cewa ƙarin ya rage ayyuka a New Jersey ba. Wasu masanan, irin su David Neumark da William Wascher, sun musa, suka kawo nasu alƙaluman, aka shekara da shekaru ana muhawara. A 2021 Card ya samu rabin kyautar Nobel ta tattalin arziki. Krueger kuwa ya rasu tun 2019.

To mu, ina ragon maƙwabcinmu? Wani zai ce ga Kwatano nan kusa, kuɗinmu ɗaya, teku ɗaya. Sai dai Benin ta ɗaga nata SMIG daga 40,000 zuwa 52,000 a rana guda da mu. Ragon da ya ci irin abincin naka ba ya zama ma'auni. Wani zai ce Aflao, da ƙafa ma ana zuwa. Amma a ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari, sidi na faɗuwa. Wannan rago ne mai zazzaɓi. Manyanmu sun san irin wannan ruɗani: har yau in ana maganar karayar kasuwa, wasu na ɗora laifin kan rage darajar sefa na Janairun 1994, alhali kuwa yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamban 1992 ya shafe wata tara, jama'a da dama sun yi gudun hijira zuwa Gana da Benin. Masifu biyu sun haɗu, kowa na zaɓar wadda zai zarga.

A ganinmu, maƙwabcin da ya fi dacewa yana cikin Lome ɗin nan. Akwai wuraren aiki da da ma suna biyan sama da 52,500, dokar ba ta taɓa su ba. Akwai kuma waɗanda ke biyan ƙasa da haka, su ne aka tilasta wa ƙari. Tsadar mai da ta abinci ta sami duka biyun. In aka ƙirga ma'aikatansu a Disambar 2022 da Disambar 2023, aka cire canjin na farkon daga canjin na biyun, abin da ya rage shi ne ya fi kusa da aikin dokar. Card da Krueger ma sun yi irin wannan kwatanci a cikin New Jersey kanta.

Da muka kawo wannan bayani, dattijon ya yi shiru, sannan ya tuna mana abin da muka manta: biyu daga cikin samarin nan uku yaran shago ne, ba takarda, ba albashin wata, sai abin da maigida ya ba su. SMIG ba ta taɓa isa gare su ba balle ta kore su. Na ukun ne kaɗai mai gadi a wani kamfani, shi ma an ce kwangilar gadin ce gaba ɗaya ta ƙare. Direba ya yi dariya, ya biya kuɗin shayin kowa.