Tsabtar Da Ke Kashe Kifi

A cikin 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo biranenmu, wadda a da ba mu san ta ba sai a manyan otal-otal da gidajen Turawa, wato ajiye kifayen ado masu launi a cikin akwatin gilashi, a falo ko a ofis ko a ɗakin jiran likita, domin ido ya huta da kallonsu, yara kuma su sami abin sha'awa. Ba ni da wata suka ga wannan al'ada, domin duban halittar Ubangiji da tafakkuri a kanta abu ne da malamai suka kwaɗaitar da shi. Abin da ya dame ni shi ne ƙarshen da galibin waɗannan kifaye ke yi, domin da wuya a cika mako guda da kafa akwatin ba a wayi gari an ga ruwan ya yi fari, ya dusashe har ba a hango bayan gilashin ba, sai maigida ya ɗauka ƙazanta ce, ya kwashe kifayen ya zuba a bokiti, ya zubar da ruwan kakaf, ya wanke tsakuwa da matatar ruwa da sabulu a bakin famfo, ya cika da sabon ruwa garau, sannan bayan kwana uku ruwan ya sake gurɓacewa fiye da na farko, kifayen kuma su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A ra'ayina, mafi yawan kifayen da ke halaka a gidajenmu tsabta ce ke kashe su, tsabtar da aka yi da kyakkyawar niyya amma ba da ilimi ba, kuma babban rabon alhakin yana wuyan wanda ya sayar da kayan bai yi bayani ba.

Mu mutane ne da aka rene mu a kan hukunta ruwa da gaɓoɓinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin tsarki a Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa ana duban launin ruwa da ɗanɗanonsa da warinsa kafin a ce ya halatta a yi alwala da shi, kuma wannan mizani ne ingantacce ga abin da aka ajiye shi dominsa. Amma rayuwar kifi tana da nata mizanin dabam, domin ruwa yana iya zama garau, babu launi babu wari, alhali cike yake da dafin da zai kashe kifi kafin gari ya waye. Haka kuma yana iya yin kore shar da gansakuka, kifin ciki kuwa yana cikin ƙoshin lafiya. Saboda haka wanda ya dogara da idonsa kaɗai zai yi ta yaƙi da abin da ba shi da illa, ya bar maƙiyin gaskiya yana ɓarna.

Maƙiyin nan kuwa daga jikin kifin kansa yake fitowa. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, mafi yawansa ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa, ragowar abinci da kashinsa kuma idan suka ruɓe su ma amoniyar suke haifarwa. A kogi ko tafki yalwar ruwa tana salwantar da ita, amma a cikin akwatin da bai wuce lita hamsin ko sittin ba babu inda za ta je, sai ta taru ta ƙona waɗannan gaɓoɓi masu taushi. Daga cikin hikimar Mahalicci, akwai wasu ƙwayoyin halitta na bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, da abincinsu ke nan: kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna juya amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma dafi ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar numfashi har jinin ya rine ya yi ruwan ƙasa; kashi na biyu, irin su Nitrospira, suna juya naitirait ya koma naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce matuƙar bai yi yawa ba, kuma tsirran ruwa suna shan sa, canjin ruwa yana rage shi. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya ware irin waɗannan ƙwayoyi ya bayyana aikinsu wajen shekarar 1890, yana bincike a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, kuma a kan wannan ilimi ne kiwon kifi na zamani ya ginu, tun daga ƙaramin akwatin falo har zuwa manyan gonakin tarwaɗa.

To, a ina waɗannan ƙwayoyi masu albarka ke zaune? Ba su cika yawo a cikin ruwa ba. Manne suke a jikin abubuwa, a kan tsakuwa da gilashi, amma babban mazauninsu shi ne cikin matatar, wadda masu sayarwa ke kira filta, a ramukan soso da 'yan zobban yumɓun da ake zubawa ciki, inda ruwa mai iska ke ratsawa dare da rana yana kawo musu abinci. Wannan dauɗa mai ruwan ƙasa da maigida ke gani a jikin soso har ransa ya ɓaci, ita ce dukiyar akwatin baki ɗaya. Bafulatanar da ke sayar da nono ta san wannan sirri tun kaka da kakanni, domin idan za ta kwantar da sabuwar madara takan sa mata ɗan ragowar nonon jiya, ta san cewa a cikin wannan ragowar ne abin da zai kama madarar yake. Wanda ya wanke sosonsa fes da ruwan famfo ya zubar da irinsa ke nan, ya koma ranar farko. Kuma komawa ranar farko ba ƙaramar hasara ba ce, domin waɗannan ƙwayoyi masu jinkirin haihuwa ne, sukan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci yini guda ko fiye, kafin ɗaya ta zama biyu, shi ya sa sabon akwati ke bukatar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu sosai.

Daga nan ne za a fahimci farin gurɓacewar nan da ke tayar da hankalin mutane. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne na dabam, masu cin ruɓaɓɓen abu, waɗanda saɓanin na farko suke ninkuwa cikin ƙasa da sa'a guda idan suka sami abinci, har yawansu ya kai ido ya gan su a matsayin hazo a cikin ruwa. Su kansu ba su cutar da kifi, sai dai suna shan iskar da ke cikin ruwan, kuma bayyanarsu alama ce ta ɗayan abu biyu: ko akwatin sabo ne bai daidaita ba, ko kuwa abinci ya yi yawa. Maganinsu haƙuri ne da rage ciyarwa da barin matata tana aiki, a tabbatar saman ruwan yana motsi domin iska ta shiga. Idan abincinsu ya ƙare za su mutu da kansu, galibi cikin 'yan kwanaki ko mako ɗaya zuwa biyu, ruwan ya washe ba tare da an zuba masa komai ba. Wanda ya zubar da ruwan duka ya kawo sabo, bai yi komai ba face share musu fage, ga shi kuma idan ya haɗa da wanke matatar ya kashe masu tsaron da ke kare kifinsa daga amoniya. Matsalar ma ba sabuwa ba ce. A shekarar 1850 wani masanin sinadarai a Ingila, Robert Warington, ya ba da labarin yadda ya ajiye kifayen zinariya biyu da wani tsiron ruwa a cikin gilashi, ganyen ya ruɓe ruwan ya gurɓace, sai ya sa dodon-koɗi na ruwa suka cinye ruɓaɓɓen, ruwan ya koma daidai. Wato tun kafin a buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan a 1853, an riga an gane cewa gyaran ruwa yana cikin daidaita halittun da ke cikinsa.

Sauran nau'o'in gurɓacewa ba su bukatar dogon bayani. Idan ruwa ya yi toka-toka a ranar da aka kafa akwati, ƙurar tsakuwa ce da ba a ɗauraye ba, za ta kwanta. Idan ya yi kore, gansakuka ce, haske ya yi yawa, a janye akwatin daga taga, a taƙaita fitila zuwa sa'a takwas a yini.

Ba ina cewa kada a taɓa matata ba ne har abada, domin soson da ya toshe ruwa ba ya ratsa shi, ƙwayoyin ciki kuma su shaƙe. Akwai yadda ake yi. Idan aka ga ƙarfin ruwan da ke fitowa ya ragu, wanda yakan faru bayan mako uku ko huɗu, sai a kashe na'urar, a zuƙo ruwa daga cikin akwatin da tiyo zuwa bokitin da bai taɓa ganin sabulu ba, a tsoma soson a ciki a matse shi a hankali sau uku ko huɗu. Ruwan bokitin zai rine ya yi duhu, gutsattsarin dauɗa su taso, amma soson zai fito yana nan da launinsa na ƙasa-ƙasa, kuma haka ake so; idan aka kai shi hanci aka ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, lafiya lau yake. A mayar da shi nan take tun bai bushe ba, ruwan bokitin kuma a zuba wa shuka. Idan soso ya tsufa har yana marmashewa, a raba shi biyu a canza rabi, a bar sabon ya zauna kusa da tsohon wata guda kafin a canza ɗaya rabin. Ruwan akwatin shi ma kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar ake canzawa duk mako, ana bin tsakuwa da bakin tiyo domin a zuƙe abin da ya kwanta.

Akwai kuma abubuwan da suka keɓanta da ƙasarmu, waɗanda takardar da ke cikin kwalin na'ura ba ta faɗa, domin an rubuta ta ne ga mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa. Idan aka ɗauke wuta matata ta tsaya, ƙwayoyin ciki suna rasa iska, musamman a matatar da ke rufe ruf, kuma bayan sa'o'i masu yawa sukan fara mutuwa, abin da ke ciki ya ruɓe. Da an dawo da wuta sai na'urar ta watso wannan ruɓaɓɓen ruwa kan kifaye. Wanda wutarsa ta kwana ba ta dawo ba ya buɗe matatar ya sansana, in ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ya zubar da ruwan cikinta ya ɗauraye kafin ya kunna. Ƙaramar na'urar iska mai batir, ko haɗa matatar da wutar sola, ya fi duk wani ado da za a saya wa akwatin amfani. Zafi ma yana da nasa hukunci, domin ruwa mai zafin digiri 30 iskar da yake riƙewa ba ta kai ta mai digiri 20 ba, dafin amoniya kuma yana ƙaruwa da ƙaruwar zafi, saboda haka a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke kai digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kifin da aka gani da asuba ya taso sama yana buɗe baki yana haki, neman agaji yake. Game da ruwan da za a zuba kuwa, na famfo yakan zo da kulorin, wanda aka sa domin ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bambance masu amfani da marasa amfani. A sa masa maganin kashe kulorin, ko aƙalla a bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko da yake akwai nau'in da ake kira kuloramin wanda ajiyewa ba ta kore shi. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin amma iskarsa kaɗan ce, shi ma a bar shi ya sha iska. Na 'yan garuwa kuwa a tambayi inda aka ɗebo shi da abin da jarkar ta taɓa ɗauka.

Na san wani zai ce, a ƙasar da mutane da yawa ba su sami tsabtataccen ruwan sha ba, ɓata tawada a kan ruwan kifin ado almubazzaranci ne. Ina girmama wannan magana, kuma ban ce kowa ya je ya sayi akwati ba. Amma wanda ya riga ya saya ya ɗauki amanar rai, domin ya raba dabba da wurin da za ta nemi abincinta da kanta, ya tsare ta a inda numfashinta da cinta da lafiyarta duk suka rataya a hannunsa, kuma hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, sananne ne ga kowane ɗalibi. Kifi ba ya kuka, shi ya sa zaluntarsa ke da sauƙi, har yaro ya riƙa zuba masa abinci sau biyar a yini don nishaɗi ba wanda ya hana, alhali abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko sau biyu a rana, ya wadatar.

Masu shagunan da ke sayar wa mutum akwati da matata da kifi goma a rana ɗaya, su haɗa masa da kwalbar maganin washe ruwa, su kuma ce ya riƙa canza soso duk wata, su ji tsoron Allah, domin sun san abin da zai biyo baya, kuma ribar da aka gina a kan dawowar mai saye neman madadin kifin da ya mutu ba ta da albarka. Su gaya wa mai saye ya fara da kifi biyu ko uku masu juriya, ya ƙara sannu a hankali bayan wata guda, su tanadi kayan gwajin amoniya da naitirait a shagunansu, su kuma ba shi ɗan gutsuren tsohon soso daga akwatinsu mai lafiya ya sa a cikin sabuwar matatarsa. Kai kuma mai karatu, idan ka wayi gari ka ga ruwan kifinka ya yi fari, kada ka kai hannu ga sabulu. Ka rage abinci, ka duba ko matata na gudana, ka ba shi mako guda.