Kwamfuta na gyara murya, wa ke gyara baiti?

A yau matashin da ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka da makirufo da abin sauraro na kunne ya mallaki abin da a da sai an biya kuɗin situdiyo ake samu. Zai rufe ƙofar ɗaki, ya jingina katifa a bango don kada sauti ya riƙa dawowa, ya buɗe FL Studio ko Cubase, ko Audacity da ake saukewa kyauta. Ya rera, ya sake rerawa a kan ta farko, har muryar mutum ɗaya ta zama amshin mutum goma. Da yawa daga cikin waɗannan matasa ɗaliban Islamiyya ne, kuma abin da suke ɗauka begen Manzon Allah (SAW) ne da ƙasidu da waƙoƙin wa'azi.

Tambayar da iyaye suka fi kawowa gaban malamai ita ce hukuncin kiɗan. Saɓani ne daɗaɗɗe. Jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan tsirkiya da na busa, suka yi rangwame ga mandiri a biki. Ibn Hazm ya halatta. Imam Ghazali ya ware wa sauraro babi guda a Ihya'u, ya gindaya sharuɗɗa. Kowane gida ya bi malamin da ya amince da iliminsa. Abin da ya fi damuna shi ne kalmomin da ake ɗorawa a kan kiɗan, waɗanda ba wanda ke dubawa.

A 1997 kamfanin Antares na Amurka ya fitar da Auto-Tune, manhajar da ke jan muryar da ta kauce ta mayar da ita kan karin da aka zaɓa. Andy Hildebrand, wanda ya ƙirƙiro ta, ya fito ne daga aikin binciken man fetur a ƙarƙashin ƙasa. Manhajar tana iya mayar da mai kaushin murya zaƙaƙuri, amma ba ta san lahani a Larabci ba. Ba ta san hadisin da ba shi da tushe ba, balle yabon da ya wuce gona da iri har ya taɓa abin da yake na Allah Shi kaɗai. Ƙawar sautin ma ita ke rufe kuskuren: idan aka cika amsa-kuwwa, kunne ya shagala da daɗi, ba ya ƙara rarrabe harafi da harafi.

Waƙar addini a ƙasar Hausa ta taso ne a zauren ilimi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u malamai ne kafin su zama mawaƙa, kuma waƙoƙin Nana da jajis ke kai wa matan karkara darasi ne da aka auna. Ko Imfirajin Aliyu Namangi, ta bakin almajirai ta yaɗu, a kan idon malamai. Baiti kan bi ta kunnuwa masu yawa kafin ya isa kasuwa. Yanzu tsakanin ɗakin yaro da wayoyin dubban mutane babu komai sai latsawa ɗaya. Mutanen Kano ba su manta da 2020 ba, lokacin da waƙar da aka yaɗa ta WhatsApp ta jawo ƙone gidan iyali da shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ba za ta iya leƙa kowane ɗaki ba.

Ƙwace kwamfutar ba zai yi magani ba; yaron zai koma ɗakin abokinsa, inda ba mai ganinsa. Uba ya nemi a rubuta masa baitocin a takarda kafin a kunna makirufo, a kai wa malamin da ya san aƙida da luga ya bi su layi-layi. Makarantun da ke shirya waƙen saukar karatu da na Maulidi su ɗora wa malami guda wannan aikin. A zaman nan kuma a tambayi yaron inda ya samo manhajar, domin wadda aka fasa makullinta aka sauke ba da biya ba haƙƙin wani ce, ko da begen Annabi aka ɗauka da ita.