Marubutan Zango, Har Yaushe Za Mu Yi Ta Aron Kano?

Duk wanda ya bibiyi ƙagaggun labaran da matasanmu na Kumasi da Nima da Tamale suke rubutawa zai tarar da fuska guda: jarumin ɗan hamshaƙin attajiri ne a Kano, yana hutu a Dubai, jarumar kuwa 'yar talaka ce mai hawaye kusa. Sau da yawa marubucin bai taɓa taka Kano ba, a fim ya gan ta. Shi ya sa gidan da ya siffanta ba shi da ƙamshin girki, titin ba shi da ƙura. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ba mu da rigima da Kano. Amma Balaraba Ramat Yakubu, da ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990, rayuwar gidajen auren da ta sani ta rubuta. Wannan ɗabi'ar ya kamata mu ara, mu bar musu unguwanninsu.

Wasu na cewa babu labari a Zango. Wannan magana ce ta wanda bai zauna da tsofaffi ba. Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya mayar da yaƙin Salaga na 1892 da zuwan Nasara abin rubutu. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙin da ba su da takarda, gidaje suka rabe, wa ya tafi, ƙane ya tsaya. Waɗanda suka ga wannan da idonsu suna nan da sauransu, kuma kullum raguwa suke. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, ya nuna cewa layin Zango guda ya isa cika littafi, sai dai da Turanci ya rubuta nasa a 2005. Ina na Hausa?

Uzuri na biyu ya fi nauyi, kuma ba za mu raina shi ba: wai Hausarmu gurɓatacciya ce, muna ce wa mace "ya zo", muna cusa kalmomin Tuwi da Turanci. Gaskiya ne haka muke magana. To, sai mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, ya bar mutanen cikin labarin su yi magana da bakinsu. Mai sayar da koko da ƙosai a Sabon Zango, in aka sa mata Hausar gidan rediyo, an kashe ta tun ba ta gama gaisuwa ba. Amma wannan ba lasisin ganganci ba ne. Wanda bai bambanta ƙasa da kasa ko ɓata da bata a rubutu ba, ya koma ya karanta Magana Jari Ce a tsanake, yana lura da yadda Abubakar Imam ke buɗe zance da rufe shi.

Sauran aikin na haƙuri ne. A riƙa yawo da ɗan littafi a aljihu, a rubuta abin da aka ji a rumfar 'yan goro da cikin motar haya tun bai gushe ba. A ware lokaci guda, ko bayan asuba, a cika shafi ɗaya kullum, ko da rai ba ya so. Babbar cutarmu kuwa ita ce sakin babi na farko alhali ba a san ƙarshen labarin ba, sai masu yabo su karɓe linzami, labarin ya yi ta jan ƙafa har babi ɗari. A kammala tukuna, a ajiye shi wata guda, sannan a karanta wa wata gwaggo da babbar murya. Duk inda ta fara gyangyaɗi, a sa alƙalami a soke wurin.