Share fagen karatun zane a Ingila: ina bayan dattijon da ya ƙi sayar da gona

1/ Jama'a, kwana biyu ana ta yawo da takardar wani yaro daga ɓangarenmu na masarautar Gumel, wai ya samu gurbin shekarar share fagen karatun zane a Landan. Ana ta yi masa barka, ana caccakar mahaifinsa don ya ƙi sayar da gona a biya. Ni kam ina bayan dattijon. Zaren da tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Kafin a ce min ɗan baƙin ciki: ni ɗan Ɗanzomo ne, aji uku a ABU, sashen zayyanar kayan masana'antu. Na san zafin a dube ka a ce "wai kai duk karatun nan naka zane ne?" Don haka ba na sahun masu raina harkar. Takaicina daban ne: yawancin masu ihun nan ba su san me ake sayar wa yaron ba.

3/ Share fagen nan ba digiri ba ne. Kwas ne na wajen wata tara. A zagaya da kai ka taɓa zane, sassaƙa, ɗaukar hoto, zanen tufafi, kaɗan-kaɗan, ka gano inda hannunka ya fi faɗawa, ka haɗa kundin ayyukanka. Da wannan kundin za ka sake neman gurbin digiri. Digirin kuma shekara uku ne, kuɗinsa daban.

4/ Abin da dillalan karatu ba sa faɗa: ɗan Ingila da bai kai shekara 19 ba, kyauta yake yin wannan kwas ɗin, gwamnatinsu ce ke biya. Kai baƙo ne ake yankar wa farashi. Kujera ɗaya, malami ɗaya, shi bai ba da ko sisi ba, kai kuma gadon gidanku ka zubar.

5/ Mu yi lissafi, tunda Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. A manyan makarantun zane na Landan, kuɗin baƙo na wannan shekarar ya haura fam 20,000. Kuɗin makaranta kawai ke nan.

6/ Sai biza. A farkon 2025, doka ta buƙaci ɗalibin Landan ya nuna fam 1,483 na kowane wata har wata tara a asusu, wato fam 13,347. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara. Ga kuɗin bizar kanta, fam 524 a Afrilun 2025. Ba mu sa jirgi ba, ba mu sa gwajin tarin fuka ba, ba mu sa fenti da takarda ba.

7/ Haɗa duka ka ga ya doshi fam 35,000. A 2025 fam ɗaya ya riƙa kaiwa wajen naira dubu biyu. Ke nan ana maganar kusan naira miliyan 70. Don Allah ku shiga karar Maigatari ranar Alhamis, ku tambayi kuɗin bijimi, ku ƙirga guda nawa za a kora kafin a haɗa wannan. Kuma ba a fara digirin ba fa.

8/ To a ce an sayar da gonar, an haɗa da shanun, an ranto sauran. Yuni ya yi, kwas ya ƙare. Sai me? Shekara uku na gaba da me za a biya? Gona ta biyu? Gidan da ke da gona ta biyu mai darajar miliyan 70 ba a Twitter yake neman shawara ba.

9/ Nan ne gaba kura baya sayaki. Ci gaba babu kuɗi. Zama babu dama, domin bizar zaman aiki bayan karatu ta wanda ya kammala digiri ce ko sama, share fage ba ya ciki. Ka dawo gida kuma, takardar ba za ta kai ka bautar ƙasa ba. Ka koma layin JAMB tare da ƙannenka, ga gona a hannun wani.

10/ "Ai zai yi aiki ya biya wa kansa." Wa ya gaya muku? Mai kwas ɗin da bai kai matakin digiri ba, awa 10 kacal aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu. Awa goma ba ta biyan hayar ɗaki a Landan, balle kuɗin makaranta. Wanda ya zarce kuma bizarsa ya sa a caca.

11/ Kuma mun ga yadda naira ke yi wa mutum tsirara a ƙasar mutane. Bayan an sake ta a Yunin 2023, kuɗin da mutane suka tara ya narke a asusu. A Mayun 2024 ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka fito zanga-zanga, an dakatar da su saboda sun kasa cika kuɗi, wasu har an ce su bar ƙasar.

12/ Waɗancan fa manya ne, da yawansu digiri na biyu suka je yi, da lissafinsu suka tafi. Ina ga yaro ɗan shekara 18 wanda duk jarinsa kuɗin gona ne?

13/ Shi kuwa dillalin da ke ta kiran waya yana cewa gurbi zai rufe, ku sani ba don Allah yake yi ba. Irin waɗannan kamfanonin kamasho suke karɓa daga makarantar kan kowane ɗalibi. Ranar da yaro ya biya, tasu ta ƙare. Ko ya gama ko bai gama ba, wannan ba ta shafe su ba.

14/ Yanzu ainihin abin da ke cina. Duk miliyoyin nan, abin da za a sayo shi ne kundin zane da sanin inda ka dosa. Mu kuma muna da Zariya a nan kusa, amma mun mayar da ita kamar babu.

15/ A 1958, a kwalejin da ta zama ABU a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Malamansu Turawa ne, manhajar ta Ingila ce. Yaran suka ce za mu karɓi dabararku, amma abin da za mu zana namu ne.

16/ Okeke ya koma kan zanen uli na Ibo, wanda mata ke yi a jiki da bango, ya gina salonsa a kai. Yau ba a ba da tarihin zanen zamani na Afirka a tsallake sunayen nan. Ku lura kuma: daga Kudu suka taso suka zo Zariya. Mu da muke da ita a ƙofar gida muna neman tsallake ta da kuɗin gona.

17/ Ko ka zaro naira ashirin daga aljihunka ka juya bayanta. Ladi Kwali ce. A hannun 'yar uwarta ta koyi ginin tukunya a Kwali. Ta shiga cibiyar Michael Cardew ta tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954. Aka baje kolin tukwanenta a Landan, ta zaga Amurka a 1972, ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

18/ Ta je Landan, sosai ma. Amma aikinta ne ya riga ta zuwa, kuma ba ita ta biya don a duba shi ba.

19/ Ba zan yi muku ƙarya ba, can sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Ɗakunan aiki, injina, gidajen tarihi irin su Tate da za ka shiga kyauta ka wuni. Kuma ba sa yajin aiki irin namu, na 2022 wata takwas ya cinye mana. Duk gaskiya ne. Ba cewa na yi kada a je ba. Tambayar ita ce yaushe, kuma da kuɗin wa.

20/ Yi digirinka a nan. Idan makarantarku ba ta koyar da zane ba, kamar tamu da ba mu taɓa ganin malamin zane ba, akwai kwalejojin ilimi da foliteknik da ke yi, ka shigo ta DE. Bayan digiri da aikin shekara biyu ka nemi Chevening: digiri na biyu, shekara ɗaya, kuɗin makaranta da jirgi da na kashewa duk a kansu. Akwai Commonwealth ma. Samu da wuya, amma in ka rasa ba ka yi asarar gona ba.

21/ Kundin kuwa, ina ne babu abin sakawa? Marinar Ƙofar Mata. Dukawan kasuwar Kurmi. Aska takwas a wuyan babbar riga. Zayyanar allon sauka. Daga Maigatari ka tsallaka Damagaram ka ga zanen bangon gidajen unguwar Birni. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, har yau masana gini na rubutu a kansa.

22/ Masu tantancewa a can sun gaji da ganin zanen fuskar mawaƙa da fensir. Yaron da ya zauna wata shida a gaban marini ko baduku, yana zanawa yana gwadawa yana rubuta abin da ya gano, ya fi shi abin nunawa. Kuɗin motar bai kai na tikitin jirgi ɗaya ba.

23/ Masu shigowa da "ai zane haramun ne", ku dakata. Maganar malamai a kan surar abu mai rai ce, ku kai musu ita. Atamfar jikinku, kwalin maganinku, tambarin makarantarku, bangon littafin da kuke karantawa, duk wani ne ya zauna ya zayyana. Ba shi muke tattaunawa yau ba.

24/ Iyayenmu kuma, da girmamawa: Baba ya yi daidai da ya riƙe gonarsa. Amma in dalilin shi ne zane ba karatu ba ne, nan kam ba ma tare. Raina abin da yaro ke so a gida shi ke sa ya ga dillali kamar mai ceto, don shi kaɗai ne ya taɓa ce masa hannunsa na da daraja. A saya masa fom, a saya masa kayan aiki, a raka shi Zariya.

25/ Gwamnatin Jigawa tana tura ɗalibai karatun likitanci waje, madalla, muna buƙatar likitoci. Amma malamin zane a sakandaren Sule Tankarkar da Gagarawa ba ya buƙatar ko dala ɗaya. Albashi ne da alli da kwali.

26/ Wanda kuma ya dage sai ya tafi, kuma gidansu na da hali ba tare da an taɓa gona ba, Allah ya kiyaye hanya. Amma kafin a tura ko kwabo, a sa dillalin ya amsa a rubuce: nawa ne jimillar shekara huɗu, ba ɗaya ba? Gurbin digiri tabbas ne ko sai an sake nema? In an hana biza, nawa za a mayar daga kafin alƙalamin? In ya fara kame-kame, ku turo min takardar ta DM mu karanta tare.