Mai Tsallake Layi Da Irin Haƙurinmu

Akwai mai kuskure, akwai wanda ya tashi da ɓacin rai, sannan akwai wani na daban: wanda zai tsallake layin mai ko na banki, a yi masa magana ya juyo ya ce, "Ka san ko ni wane ne?" Wani malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Aaron James, ya rubuta littafi sukutum a kan irinsa a 2012. A ganinsa, mutumin ya riga ya gamsu cewa ya cancanci fifiko, kuma gamsuwar ce ta toshe masa kunne daga duk wani ƙorafi. Ɓarawo ya san ya yi laifi, shi ya sa yake ɓuya. Shi kuwa gogan naka da rana tsaka yake yi, har yana mamakin inda ka samo bakin magana.

Ba minti biyar ɗin da ya cinye maka ne ke ci maka rai ba. Ya nuna maka ne cewa bai lissafa ka cikin mutane ba.

Markus Oriliyus, wanda ya mulki Rum daga 161 zuwa 180, yakan tuna wa kansa tun da safe cewa zai gamu da butulai da masu girman kai, kuma jahiltar alheri ce ke sa su haka. Ra'ayin mazhabarsa shi ne halin wani ba a hannunka yake ba, martaninka ne naka. Na yarda da wannan, domin ba a gyara wanda bai san ya karkace ba, kuma mai jiran ban haƙuri daga bakinsa zai daɗe a tsaye. Sai dai sarki ne ke magana, babu mai ture shi a layin asibiti.

A nan nake da ja da irin haƙurinmu. Da an taka mutum sai jama'a su taru a kansa, "Yi haƙuri, ƙyale shi," shi kuwa mai laifin ya wuce da abin da ya zo nema. Gobe ma zai dawo, tunda ya gane shirunmu riba ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, bai ce a kashe fushi ba; cewa ya yi a hore shi ya bi umarnin hankali, kuma rashinsa gaba ɗaya naƙasa ce.

Saboda haka a yi magana, sau ɗaya, ba zagi, ba ɗaga murya. Ba don shi ba, tunda ba ji zai yi ba, sai don tsohuwar da ke bayanka da yaron da ke kallon yadda manya ke yi. Idan mutum uku suka ce, "Malam, koma baya," sau da yawa mai zuba man ma yakan samu ƙarfin gwiwar ƙin karɓar jarkarsa.