Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Za Ka Ji Daɗin Metal Gear Solid 3

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗan yayata ya zo gidanmu a Zongo, ya tarar na kunna tsohuwar PlayStation 2 ɗina. Ya karɓi hannu, na sa masa Metal Gear Solid 3. Ko minti goma bai yi ba ya harbe sojoji uku, ƙararrawa ta tashi, aka yi masa taron dangi aka kashe shi. Ya ajiye hannun ya ce, "Kawu, wannan gem ɗin ba daɗi, gara ƙwallo." Na ce, "Yaro, gem ɗin bai yi laifi ba, kai ne ka shige shi a guje kamar mai babur a hanyar kasuwar Aboabo."

Ra'ayina ke nan a taƙaice: irin wannan wasa na laɓe da sanɗa, mai haƙuri kaɗai ke shan romonsa.

Kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da shi a 2004, Hideo Kojima ya tsara shi. Labarin yana faruwa a 1964, lokacin Yaƙin Cacar Baka, inda Amurka ta jefa wani soja mai laƙabin Snake cikin dajin Tarayyar Sobiyet shi kaɗai. Aikinka ka wuce ba a gan ka ba. Duk wanda ya taɓa bin dattawa farauta da rani a nan Arewa ya san dokar: ka rage motsi, ka kasa kunne, ka san inda nama zai bullo kafin ya san da kai.

To, yaya za ka yi?

Da farko, ka koyi kwanciya. A saman allo akwai lamba da ke nuna yadda ka saje da wurin da kake. Ka sauya kaya da fentin fuska su dace da ciyawa ko laka, ka kwanta rub da ciki, za ka ga lambar ta hau. Soja zai zo ya wuce dab da kai bai gan ka ba. Wallahi bugun zuciyar da za ka ji a wannan lokacin, harbi ɗari ba zai ba ka shi ba.

Na biyu, ka rage kisa. Akwai bindigar sa barci, ka riƙe ta. Wasan da kansa yana ƙirga maka. Can gaba za ka bi ta cikin wani kogi inda fatalwar kowane mutum da ka kashe za ta zo ta gifta ka. Wanda ya yi ɓarna zai daɗe yana tafiya cikinsu, wanda ya kame hannunsa zai wuce nan da nan. Ban san wani wasan harbi da ke tsayar da mutum ya nuna masa aikinsa haka ba.

Na uku, ka yi dabara da abin da ke wurin. Idan ka fasa rumbun abincin sojoji, yunwa za ta kama su, su raunana, har su ɗauki ruɓaɓɓen abincin da ka jefa musu. Akwai wani tsohon maharbi mai suna The End da za ku yi ta farautar juna a daji, wani lokacin fiye da awa guda. In ka adana wasan ka bar shi sama da mako, za ka dawo ka tarar tsufa ya kashe shi. Amma ni dai shawarata ka tsaya ka neme shi da kanka, don nan ne zumar take.

Na huɗu, ka bar YouTube. Wanda ya kalli yadda wani ya wuce, ya sayar da daɗinsa ke nan. In an gan ka kuma, kada ka yi saurin sake farawa. Ka gudu, ka ɓuya, ka jira ƙura ta lafa. Labarin da za ka ba abokai a wajen shan ataya daga irin wannan kuskuren yake fitowa.

Na san abin da wasu za su ce. Hoton ya tsufa, kyamarar fitowar farko tana da wahalar sabo, ga surutun Turanci mai tsawo. Gaskiya ne. In ka samu fitowar da ake kira Subsistence, ta gyara matsalar kyamara. An kuma sabunta wasan a 2025 da sunan Delta, sai dai yana buƙatar sabon inji kamar PlayStation 5 ko kwamfuta mai ƙarfi, kuɗin da yawancinmu ba mu da shi. Tsohon kuwa faifai ne da katin ajiya, shi ke nan. Ba ya cin data, ba ya ce ka turo sidi kafin ka ci gaba. Ka gwada shi da wasannin waya da ke tatsar yara kullum, ko shagunan caca da suka cika mana gari, ka ga wanne ya fi sauƙin illa.

Ga iyaye kuma, wannan wasan manya ne. Akwai azabtarwa da wasu hotuna da ba su dace da ƙananan yara ba, don haka a duba shekarun mai riƙe da hannu. Kuma kowane irin wasa ne, in an kira salla a adana a tashi. Snake zai iya kwana cikin ciyawa yana jiranka.

Ɗan yayata ya dawo ranar Lahadi. Na zauna gefensa ina ce masa, "Tsaya, bari ya juya baya tukuna." Ya wuce sansani guda ba harbi ko ɗaya, ya waiwayo yana dariya ya ce, "Kawu, ashe haka ake yi?" Na ce haka ake yi. Yanzu sai roƙona yake in ara masa injin in an yi hutun makaranta, ni kuwa na ce sai na ga sakamakon jarrabawarsa.