Hazon Hunturu da Gwangwanin Malam

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san daren hunturu. Ka tuɓe rigar sanyi cikin duhu, sai ka ji ƙas-ƙas, ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle tsakanin riga da fata. Muna yara mukan ja bargo mu rufe kai, mu yi ta goga shi don mu sake gani, har sai an daka mana tsawa daga ɗakin iyaye.

Malaminmu na kimiyya ne ya fara ba wannan abu suna. Wata safiya da hazo ya rufe gari, ya sa kowa ya zo da matsefin roba. Muka yayyaga takarda ƙanana kamar tsaki, muka goga matsefi a gashi, muka kawo shi kusa. Takardun suka miƙe tsaye, suka yi tsalle suka manne. Malam ya ce, "Ku sake, amma ku zuba ido sosai. Ya taɓa su kafin su tashi?" Bai taɓa ba. Akwai ratar da ta kai faɗin yatsa, babu zare, babu iska, amma ga ja.

Ya ce abin da ya ɗauki caji yana da farfajiya kewaye da shi, inda ikonsa ke kaiwa, kamar yadda ɗumin wutar kara ke iske wanda ya matso ko bai sa hannu ciki ba. Michael Faraday na Ingila ne ya koya wa duniya kallon abin ta wannan fuska. Kafin shi, a 1785, Coulomb na Faransa ya auna ƙarfin: idan ka ninka nisa, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da damina laimar iska kan kwashe cajin tun bai taru ba, shi ya sa wasan na hunturu ne. Kafin tartsatsi ya tsallake milimita ɗaya ta busasshiyar iska, sai da kimanin bolt 3,000. Walƙiyar da ke tsaga hadari kuwa babbar yayar wannan ɗan tartsatsi ce.

Yau jikokinmu ba su da kalmar da ta fi "caji" yawa a baki. Waya ta mutu, a nemo caja. Amma da yawansu ba su taɓa ganin matsefi ya ɗaga takarda ba, kuma mu da muka gani mu ne muka yi shiru. Abin da ke cikin aljihu shi ake fara mantawa.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na gwangwani. Malam ya samo gwangwanin madara, ya huda shi da ƙusa a gefe, can kusa da gindi. Ya cika shi da ruwa, ya toshe hudar da yatsa, ya hau katangar makaranta. Da ya ɗauke yatsa, ruwa ya yi ta feshi kamar bakin buta. Sai ya saki gwangwanin. Feshin ya ɗauke cak! Huda tana nan a buɗe, ruwa yana ciki, amma bai ƙara fita ba har gwangwani ya bugi ƙasa. Muka ce a sake. Ya sake har rigarsa ta jiƙe sharkaf cikin wannan sanyi, bai ko kula ba.

Bayaninsa bai da tsawo. Ruwa yana danna gindin gwangwani ne saboda hannu ya riƙe gwangwanin, ƙasa kuma tana jan ruwan. Da aka saki, ruwa da gwangwani suka kama hanya ɗaya da gudu ɗaya, babu mai danna wani. Nauyin da muke ji a tafin ƙafa, in ji shi, turin da ƙasa ke yi mana ne tana hana mu faɗuwa. Cire wannan turi, jin nauyi ya tafi, ko da jan yana nan daram. Mun riga mun san haka a jikinmu ba mu sani ba: a kan lilo, lokacin da ka kai ƙololuwa ka juyo, hanjinka kan yi sama kamar za su bar ka.

Daga nan ya kai mu inda ba mu zata ba. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a kumbo, wata goma bayan Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet. Sau uku ya zagaya cikin sa'a huɗu da minti 55. Hukumar NASA ta kafa tashoshin bibiya a sassan duniya don kada muryarsa ta ɓace, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano take, wata a Zanzibar. Da kumbon ya ratso ta samanmu, Glenn ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango guguwar ƙura a ƙasa, aka amsa masa cewa iska ta yi mako tana kaɗawa da ƙarfi. Watan Fabrairu ne. Ƙurar da ke fasa mana leɓe da kaushin ƙafa, ita mutumin yake kallo daga sama.

Har yau nakan ji masu ilimi suna cewa 'yan sama jannati suna shawagi ne don babu jan ƙasa a can. Wannan magana takan dame ni, domin ta zubar da mafi daɗin labarin. Glenn bai wuce kimanin kilomita 260 daga doron ƙasa ba, alhali daga nan zuwa tsakiyar duniya kusan kilomita 6,400 ne. A wannan tsayi jan ƙasa yana nan fiye da kashi 90 cikin 100. Faɗuwa yake yi, shi da kumbonsa, kamar ruwa da gwangwani. Sai dai yana gudu ta gefe, kimanin kilomita 28,000 a sa'a, yadda duk faɗuwar da ya yi, duniya mai zagaye ta lanƙwashe ta kauce masa. Isaac Newton, wanda babban littafinsa ya fito a 1687, ya riga ya hango wannan da tunani kawai: harba dutse da isasshen gudu daga kan tsauni, zai yi ta faɗuwa bai iso ba.

Tashar Kano ta daɗe da rufewa, kuma ka tambayi matasa goma a Kurmi ko Sabon Gari, da wuya ka sami wanda ya ji labarinta. Ni ma da Malam bai faɗa ba, da ta wuce ni.

Hunturun bara na nemo gwangwani da ƙusa, na ɗora jikata a kan dakalin ƙofar gida, na riƙe ta ta baya. Ta saki, feshin ya ɗauke, ta tsaya tana kallon jiƙaƙƙen wuri. Can ta ɗago ta ce, "Kaka, to wata ma faɗuwa yake yi?" Na ce mata ƙwarai kuwa, tun ran da aka halicce shi. Ta sauka ta ɗauki gwangwanin, ta nufi randa.